Wayar Malam Haruna Ta Ƙi Tashi Bayan Sabuntawa: Muhawara a Zauren Gari

Malam Haruna (Litinin, bayan asuba):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da yara, da fatan an tashi lafiya. Da wayar ƙanena nake wannan rubutu, domin tawa ta shiga wani hali tun daren jiya, kuma ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar kafin in kai ta inda za a ƙara dagula mini lissafi. Kusan mako uku ke nan tana nuna mini sanarwa cewa akwai sabuntawar tsaro da ke jira, ni kuma ina ta ture ta gefe saboda tsadar data. Jiya Lahadi da na shiga kasuwar Gujungu, inda sabis ya fi na gida ƙarfi, sai na sayi data na ce bari in sauke wannan nauyi. Sau biyu saukewar tana kaiwa dab da ƙarshe sai ta yanke, a karo na uku ta kammala, amma wayar ta ce wurin ajiya bai isa ba. Na goge wasu bidiyoyi, na dawo gida bayan magariba, na jona ta a shagon caji, sannan na danna inda aka ce in danna. Ta mutu ta tashi, wani layi ya fito a fuskarta yana tafiya a hankali, ana cikin haka sai janareta ya tsaya. Tun daga lokacin, idan na kunna ta sai ta nuna sunan kamfanin da ya ƙera ta, ta ɗan jima, ta mutu, ta sake nunawa. A cikinta akwai sakamakon jarrabawar ɗalibaina na zango biyu, akwai kuma hotunan mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, waɗanda ba ni da su a ko'ina. Wani ya ce in kai ta Kano a yi mata filashin. Shin wannan ce mafita?

Bala Mai Caji:
Wa alaikumus salam. Malam, da farko ina neman afuwa, domin a shagona abin ya faru, kuma mai ne ya ƙare mini ban lura ba. Amma don Allah kada ka bari a yi mata filashin tukuna. Filashin share wayar ne gaba ɗaya a zuba mata sabuwar manhaja, kuma duk abin da ke cikinta yakan tafi, hotuna da takardu da saƙonni. Mai gyara, ko na Farm Centre ne ko na Beirut Road ko mu na gida, abin da ka ce ya yi shi zai yi, kuma idan ka ce masa tashi kawai kake so ta yi, hanya mafi sauri zai bi. Akwai kuma tambaya ɗaya da ya kamata ka amsa wa kanka tun yanzu: shin ka san adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar da kalmar sirrinsa? Wayar Android idan aka share ta ta bayan gida, tana tashi sai ta nemi wancan adireshin na farko kafin ta buɗe. Mutanenmu da yawa yaron shagon da suka sayi wayar ne ya buɗe musu Gmail, ya rubuta kalmar sirrin a bayan kwali, kwalin kuma an daɗe da hura wuta da shi. Ka daina kunna ta, ka aiko mini da ita yadda take.

Alhaji Sule:
Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Malam Haruna, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Waya tana aikinta lafiya lau, kana kira ana jin ka, kana tura saƙo yana zuwa, me ya kai ka taɓa ta? Tawa shekararta huɗu a hannuna, tun farko na ce wa yarona ya kashe mini wannan sanarwa, kuma har yau ba ta taɓa kwana a shagon mai gyara ba. Ni a fahimtata wannan sabuntawa dabara ce ta 'yan kasuwa, kuma ɗan kasuwa ba ya ɓoye wa ɗan'uwansa dabara. Su sayar maka da waya, bayan shekara biyu su turo maka abin da zai nauyaya ta, batir ya riƙa zuƙewa kafin azahar, ka gaji ka je ka sayi sabuwa. Ga data da za ka ƙona kuma, wadda tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025 ba ta sake zama abin wasa ba. Wanda yake da hujjar da ta fi wannan ina sauraro.

Nura (daga Dutse):
Ina gaida iyayena da yayyena. Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka nemi hujja, zan kawo iya abin da na karanta a makaranta. Manhajar da ke tafiyar da waya mutane ne suka rubuta ta, layi miliyoyi, kuma babu yadda za a yi aiki mai yawa irin wannan ya fita babu kuskure. Wasu kurakuran ba su cutar da kowa, wasu kuwa kafa ce da ɓarawo zai iya bi ya shiga. A watan Yulin 2015 wani kamfanin binciken tsaro mai suna Zimperium ya bayyana wata ɓaraka da aka sa wa suna Stagefright, a sashen Android da ke buɗe bidiyo da sauti. Da ita ana iya turo wa mutum saƙon hoto ko bidiyo ta layinsa, wayar ta fara sarrafa saƙon da kanta tun mai ita bai taɓa shi ba, kuma an ƙiyasta cewa wayoyi kusan miliyan 950 abin ya shafa. Daga watan Agustan wannan shekara ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata, ya riƙa miƙa wa kamfanonin da ke ƙera wayoyi su tura wa masu amfani da su. A watan Mayun 2019 kuma WhatsApp ya gano cewa ana bi ta wata kafa a tsarin kiransa ana dasa manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, ko da mai wayar bai ɗaga kiran ba, kuma ya ce kimanin mutum 1,400 aka kai wa harin. Maganin da aka bayar a lokacin shi ne kowa ya sabunta WhatsApp ɗinsa.

Abin da ya fi damuna a maganar ƙin sabuntawa shi ne wannan: ranar da aka fitar da gyara, ranar ce ake wallafa jerin kurakuran da aka gyara, kowa yana iya karantawa. Kamar a ce mai shela ya zagaya gari yana cewa duk katangar da aka yi da ƙasar kududdufi kaza tana da rauni ta kusurwar gabas, kowa ya yi yaɓe kafin damina. Mai gida ya ji, ɓarawo ma ya ji. Wanda ya yi yaɓen ya huta, wanda bai yi ba kuwa ya fi jiya shiga haɗari, domin jiya ɓarawon bai san inda zai fara haƙa ba.

Alhaji Sule:
Nura, ka yi bayani, Allah ya yi albarka. Sai dai ni riɗi da zoɓo nake saya in kai Maigatari ranar Alhamis, ban ga abin da 'yan leƙen asirin Isra'ila za su nema a wurina ba. Kuma ba ka taɓo maganar nauyaya waya ba, ko ita ma ƙarya nake yi?

Nura:
Ba ka yi ƙarya ba, Baba, kuma ba zan kare kamfanoni a inda ba su da gaskiya ba. A watan Disambar 2017 kamfanin Apple ya amsa da bakinsa cewa yana rage gudun wasu tsofaffin iPhone waɗanda batirinsu ya tsufa, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato, amma bai sanar da masu wayoyin tun farko ba. A watan Oktoban 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar Apple yuro miliyan 10 da Samsung yuro miliyan 5 kan sabuntawar da ta rage wa tsofaffin wayoyi ƙarfi, sannan a watan Fabrairun 2020 Faransa ta ci tarar Apple yuro miliyan 25. Saboda haka zarginka yana da tushe.

Amma abubuwa biyu ne muke haɗawa a suna ɗaya. Akwai babbar sabuntawa, wadda ke ɗaga waya daga Android 12 zuwa 13 misali, ta sauya fasalinta, ta ci wuri mai yawa, kuma ita ce takan yi wa ƙaramar waya nauyi. Akwai kuma gyaran tsaro, wanda galibi ƙarami ne, ba ya sauya komai da ido zai gani. Wanda ya ce zai jinkirta ta farko har ya ji labarin waɗanda suka riga shi, ban ga laifinsa ba. Ta biyun ce ba na son a kashe. Game da riɗi kuma, gaskiya ne masu Pegasus ba su san da mu ba, 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka suke bi. Sai dai dabarar da manya suka ƙera yau takan gangaro hannun ƙananan ɓarayi bayan an wallafa ta, su kuwa waɗannan ba suna suke nema ba, asusun banki suke nema.

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum. Ina so in ƙara wani ɓangare da nake gani ya fi kusa da mu, domin a asibitin da nake aiki abin ya faru da abokiyar aikina a gabana. Saƙo ya shigo mata a WhatsApp daga lambar da ba ta sani ba, da tambarin kamfanin a jiki, an rubuta cewa manhajarta ta tsufa kuma za a rufe ta cikin awa 24 idan ba ta sabunta ba, ga kuma wurin dannawa. Ta danna, shafi ya buɗe ya nemi lambar wayarta. Ba a yi minti biyu ba wani ya kira ta da Hausa mai kyau, ya gaishe ta da ladabi, ya ce daga ofishin sabuntawa yake, ta karanto masa lambobi shida da suka shigo mata yanzu. Tana karantawa WhatsApp ɗinta ya fita daga wayarta. Kafin la'asar an tura wa 'yan'uwanta saƙo da sunanta cewa tana asibitin Kano da mara lafiya, a taimaka da abin da ya sawwaƙa, kuma yayarta ta tura. Ta dawo da WhatsApp ɗinta ta hanyar sake rajista da lambarta, amma sai da ta jira kwana bakwai, saboda ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin ta mataki na biyu. Tun daga ranar take tsoron duk abin da aka kira sabuntawa, har ta gaskiyar. Ina roƙon Nura ya bambance mana su da kyau, domin iyayenmu mata da yawa ba su karanta Turanci, duk sanarwar da ta fito a fuskar waya iri ɗaya ce a wurinsu.

Nura:
Anti Hadiza, bambancin ba ya buƙatar Turanci. Sabuntawar gaskiya ƙofa biyu kacal take da su: ta wayar kanta tana cikin saitin, can ƙasa wajen bayanin waya ko wajen tsarin waya, ta manhajoji kuma tana cikin Play Store, ko App Store ga masu iPhone. Ba ta zuwa ta saƙon WhatsApp, ba ta zuwa ta tes, ba ta fitowa a tsakiyar shafin intanet tana ƙyalli tana cewa waya ta kamu da cuta, kuma babu wani ma'aikaci da zai kira mutum a kanta. Wanda ya ga sanarwa yana shakka, ya rufe ta, ya shiga saitin da kansa ya duba. Idan ta gaskiya ce zai same ta a can tana jira. Kowa kuma ya shiga saitin WhatsApp ya sa lambar sirri ta mataki na biyu tun kafin wani ya sa masa. A gaskiya, abin da na fi gani yana cinye kuɗin mutane a yankinmu irin wannan yaudarar ce, ba kutse ta ɓarakar manhaja ba, kuma babu gyaran tsaron da zai hana mutum karanta wa baƙo lambobinsa.

Sabo Mai POS:
Ina gaida kowa. Alhaji, da girmamawa, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 cinikinka na riɗi ta waya yake shigowa, ni shaida ne domin a wurina kake cira. Wayar da ka ce babu abin nema a cikinta ta fi aljihun babbar rigarka nauyi. Ni ma dai ina da tawa matsalar. Makon jiya manhajar da nake tura kuɗi da ita ta ƙi buɗewa, ta ce sai na sabunta. Na shiga Play Store, ya tsaya yana juyawa yana cewa ana jira, har kwastomomi suka watse. Wani abokina ya turo mini tasa ta Xender, na danna in shigar, wayar ta ce ba a shigar da manhajar ba, babu wani ƙarin bayani. Na yi haka sau uku. Daga ƙarshe Bala ne ya karɓi wayar, ya duba sama ya ce mini agogona ya nuna shekarar da ta wuce, ashe tun ranar da batir ya mutu gaba ɗaya kwanan wata ya rikice ban lura ba. Yana mayar da shi kan daidaita kansa da sabis, sai saukewar ta kama tafiya. Har yanzu ban gane alaƙar agogo da saukar da manhaja ba, ban kuma gane abin da ya hana ta Xender shiga ba.

Nura:
Yaya Sabo, kafin waya ta yarda ta karɓi kaya daga Google sai ta duba wata takardar shaida da ke tabbatar mata cewa da Google ɗin take magana, kuma takardar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan agogon wayar ya koma baya, sai ta ga kamar takardar ba ta fara aiki ba, ta ƙi yarda. Ta Xender kuma dalili biyu ne suka fi yawa. Manhajoji da yawa yanzu gunduwa-gunduwa Play Store yake sauke su daidai da ƙirar kowace waya, don haka abin da abokinka ya turo zai iya zama bai cika ba ko bai dace da taka ba. Na biyu, kowace manhaja tana ɗauke da sa hannun wanda ya ƙera ta, kuma Android ba ya yarda a ɗora sabuwa kan tsohuwa idan sa hannun ya bambanta. Wannan ƙin yarda kariya ce, domin wanda ya buɗe manhajar banki ya cusa mata wani abu ba zai iya maido da sa hannun asali ba. Manhajar kuɗi dai kada a karɓe ta daga hannun kowa, ko ɗan'uwa ne. Haka ma GBWhatsApp da matasanmu ke yayi: ba na kamfanin ba ne, ba ya samun gyara daga wurinsu, kuma sukan rufe layin wanda suka kama da shi.

Bala Mai Caji:
Wayar Malam ta iso, na jona ta a kashe, ba zan taɓa ta ba sai batirin ya cika. Kafin nan bari in faɗi abin da nake gani kullum a kan teburina. Cikin wayoyin da ake kawo mini da kukan sabuntawa ta ƙi shiga, mafi yawansu ciki ne ya cika, kuma WhatsApp ne ya cika shi: wa'azi, bidiyon biki, gaisuwar Juma'a mai furanni da aka turo a zaure goma kuma kowanne ya sauka daban. Mutum zai ce mini ai yana da memori, bai san cewa sabuntawar ba ta sauka a memori ba, cikin wayar take nema, kuma tana son wuri fiye da girmanta domin sai ta warware kanta kafin ta zauna. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin kula da ajiya da ke jera manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, daga nan nake fara shara.

Na biyu sabis ne. Wasu wayoyin ba su yarda su sauke babban kaya sai ta Wi-Fi, mu kuwa ba mu da shi, don haka nakan sa layin a wata waya in kunna hotsipot, in haɗa mai sabuntawar da ita, musamman da tsakar dare lokacin da sabis ya sake kuma datar dare ta fi araha. Wata wayar takan gane cewa hotsipot ne ta ƙi, sai an shiga saitin Wi-Fi an ce ta ɗauke shi a matsayin mara ƙidaya. Na uku batir. Ni ba na farawa sai ya haura kashi 80, domin wayoyi da yawa sukan sassauta sharaɗinsu idan sun ji caji a jone, su kuma ba su san cewa wutarmu ta janareta ce ba. Batirin da ya kumbura ko wanda yake faɗowa daga 40 zuwa 5 a lokaci guda, a canza shi tukuna. A lokacin bazara kuma kada a yi wannan aiki da rana a ƙarƙashin kwano.

Malam Isyaku Sakatare:
Jazakumullahu khairan. Tawa tambayar ita ce, wayar da ɗana ya sayo mini tokumbo ce, an ce daga Amurka ta fito, kuma shekara biyu ke nan duk sanda na duba sai ta ce babu sabon abu. Shin hakan yana nufin ta cika ke nan?

Nura:
Baba Sakatare, ba lalle ba ne. Ka shiga bayanin waya, ka nemi layin da ke nuna matakin tsaro na Android, za ka ga kwanan wata, yawanci 1 ko 5 ga wani wata. Wannan ranar ce gaskiyar magana, ba cewar da ta yi babu sabon abu ba. Wasu wayoyin Amurka kamfanonin sadarwar can ne suke tura musu gyara, kuma idan wayar ta bar hannunsu ta zo nan sai turawar ta tsaya. Wasu kuma wa'adinsu ne ya ƙare, domin kowane kamfani yana da iyakar shekarun da yake kula da kowace ƙira. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 da ya fitar a 2023, Samsung ma ya yi irin wannan ga Galaxy S24 a 2024, amma waɗannan manyan wayoyi ne masu tsada, ƙananan da muka fi saya galibi wa'adinsu bai kai haka ba. Wanda wayarsa ta kai wannan matsayi kuma ba shi da halin sauyawa, akwai sauran abin yi. Tun daga Android 10 na 2019 akwai wani ɓangaren gyara da Google yake turowa kai tsaye ta Google Play ba tare da jiran kamfanin wayar ba, yana nan wajen tsaro a cikin saitin. Sannan Chrome da WhatsApp da manhajar banki kowanne yana samun nasa gyaran ta Play Store, ko da wayar ta tsufa, har zuwa ranar da su ma za su ce sun daina, kamar yadda WhatsApp ya bar duk wayar da ke ƙasa da Android 5 a watan Oktoban 2023.

Yaya Bala, game da ta Malam, tunda ya ce layin ya fito ne bayan ta mutu ta tashi kuma ya daɗe yana tafiya, alama ce ba ta cikin masu ɗaki biyu, wato tsarin da ya zo da Android 7 a 2016, inda ake zuba sabuwar manhaja a ɗaki na biyu, idan ta ƙi tashi wayar ta koma ta farko. Idan ka shiga shafin ceto, wato shafin gyara da ake shiga kafin waya ta gama tashi, ka kula sosai, domin layin share tarkace da layin share komai kusa suke da juna, kuma da kalma ɗaya suke farawa.

Bala Mai Caji (bayan la'asar):
Alhamdu lillahi, wayar Malam ta tashi, kuma ba a share komai ba. Da batirin ya cika na kunna ta, ta ci gaba da mutuwa tana tashi kamar yadda ya faɗa. Na riƙe maɓallin kunnawa da na ƙara murya na shiga shafin ceto, na share tarkace kaɗai, ina karantawa sau biyu kafin in danna saboda gargaɗin Nura, amma ba ta sauya ba. Sai na zare tiren layi na cire memorin, na sake kunnawa. Wannan karon sunan kamfanin ya tsaya bai ɓace ba, na ajiye ta a inuwa na hana kowa taɓawa, ta yi fiye da rabin awa tana shirya manhajojinta ɗaya bayan ɗaya, bayanta ya yi ɗumi, sannan ta nemi lambar buɗewa. Don in tabbatar, na mayar da memorin, nan take ta daskare, na sake cire shi. A jikinsa an rubuta gig 64, amma da na sa shi a kwamfuta sai na ga irin na jabun nan ne da ake yi wa rubutun ƙarya, ainihin cikinsa ƙarami ne, duk abin da aka zuba bayan ya cika suna ne kawai babu komai a ciki. Tsofaffin fayiloli suna buɗewa, har da hotunan Inna guda 31, na kwafe su a kwamfuta da cikin wayar. Na baya-bayan nan kuwa ba su buɗewa, kuma sakamakon zango na biyu yana cikinsu.

Malam Haruna:
Da wayata nake wannan rubutu. Allah ya saka wa kowa da alheri, Bala Allah ya yi wa sana'a albarka, kuma babu komai game da janareta. Sakamakon zango na biyu yana nan a rajistar makaranta, zan sake shigar da shi ko da zai ɗauke ni dare biyu. Memorin a bakin titi na saye shi bara, arahar ce ta ja ni. Na duba layin da Nura ya ce, sai na ga ranar tsaron ta watanni biyar da suka wuce ce, alhali jiya-jiya na sabunta. Shin wani abu ne bai shiga ba?

Nura:
Ya shiga, Malam. Gyaran yakan bi ta hannun masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar da kamfanin da ya haɗa ta kafin ya iso gare ka, kuma ƙananan wayoyi ba kowane wata ake tura musu ba. Ka sake dubawa yau da dare, domin wanda ya daɗe bai sabunta ba wani lokaci sai ya sauke biyu ko uku a jere kafin ya kamo na ƙarshe. Amma kafin ka danna komai, ka ɗora hotunan nan a Google Photos, ka tura wa wata 'yar'uwa su ita ma ta ajiye a tata.

Alhaji Sule:
Na sa yarona ya duba tawa, an rubuta 5 ga Maris 2021. Har yanzu ina kan bakana game da babbar sabuntawa, ba zan yarda a sauya mini fasalin waya in rasa inda ake kira ba. Bala, ranar Lahadi idan na taso daga Gujungu zan biyo ta shagonka da ita, ka duba mini ƙaramar da ta bankin kawai. Ka sayi mai tun da rana, ni zan biya kuɗin lita biyu.